Fulogi Na Huɗu

Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto wai ni mugun tsoho ne. Wani ya ce kishin 'yata nake yi. Wani kuma ya zauna ya tsara min nasiha mai tsawon igiyar rijiya, kamar shi ya raine ni. Na gode muku duka. Yawancinku ba ku taɓa riƙe sifana ba, idan mota ta mutu muku a hanya bonet kawai kuke ɗagawa ku tsaya kuna kallon injin kamar jira kuke ya gaishe ku. Amma tunda ni na buɗe baki na fara, zan faɗi na yau, har da wurin da ba ya yi min daɗi.

Ga wanda yau ya shigo, ni ne Takwas. Yatsuna takwas ne, biyun fankar wata babbar mota ta tafi da su ina ɗan shekara goma sha tara, na naɗe hannun da tsumma na ƙarasa aikin sannan na tafi asibiti. Ban taɓa zama a aji ba, karatun da na iya a jikin kwalayen kayan gyara na koye shi. Garejina ya taɓa ƙonewa ƙurmus na sake tayar da shi. Jak ya taɓa zamewa mota ta kwanta min a ƙirji na fito da ƙafata. Duk waɗanda muka fara sana'a tare a layinmu na raka su makwanci, in ban da Mai Fenti, shi ma tari ne kawai ke riƙe da shi a tsaye.

Auta, 'yar tawa, ita ce mai waldar garejin. Shekarunta ashirin da bakwai, ni na koya mata, kuma idan ta ja layin walda a kan alminiyam sai ka ce ɓawon kifi aka jera. Maza masu gemu suna zuwa daga wasu layukan su tsaya suna kallo, su koma suna cewa wai na'urar ce mai kyau.

Shi kuma wanda ake wannan rigima a kansa, Injiniya, wata bakwai ke nan da ya shigo mana da wata ƙaramar mota ja wadda ya ɗora wa turbo da kansa. Turbo fanka ce da hayaƙin injin ke juyawa, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya. Ƙarfin ya yi wa manifol ɗinsa na roba yawa, ya tsage. Manifol, ga masu ɗaga bonet, wani tulu ne mai wuyan shiga ɗaya da maƙogwaro huɗu, shi ke raba wa silinda huɗu iska. Ya ce na alminiyam yake so, shi zai zana, mu mu ƙera. Farar riga mai karin guga, tabarau, agogo mai ƙirga masa taku, takalmin da bai taɓa gaisawa da baƙin mai ba. Da ya ba ni hannu na ji kamar na kama burodi. Bakin injin nan sau goma sha ɗaya ya zo aunawa, abin da ni da zare da babban yatsa nake gamawa kafin shayi ya huce. A zuwa na shida na gane ba injin yake aunawa ba.

A gida kuwa ba a bar ni na sha iska ba. Ina zaune a kujerata, wadda ke ƙarƙashin fankar nan mai ƙas-ƙas, uwar yara tana goge faranti na cikin kabad waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, sai ta fara ba tare da ta dube ni ba.

"Yaron nan ya sake tambaya ko ya turo manyansa."

"Ya tambayi wa?"

"Ya tambayi wadda yake so. Malam, mene ne aibinsa? Ba ya sha, ba ya yawo, yana da aikinsa."

"Hannunsa."

"Hannunsa za ta aura?"

Yayata ma ba ta zauna ba. Kullum da safe sai wayata ta yi ƙara, saƙon murya minti huɗu. "Kai, ƙanena, tun kana yaro haka kake, ko kaza aka ba ka riƙo ba ka son a karɓa. Ka sakar wa yarinya mara." Ina sauraro in goge.

Da abin ya ishe ni sai na yanke magana a ƙofar gareji, gaban Mai Fenti da duk mai shan inuwa a wurin. Na ce masa ya zana manifol ɗinsa, mu ƙera, a sa sababbin fulogi a hau titi a taka motar sosai, sannan a kwance fulogin a duba. Fulogi shi ke ba da shaidar abin da ya faru a cikin silinda. Idan iska da mai sun daidaita, bakinsa kalar shayi da madara yake fitowa. Idan mai ya rinjaya ya yi baƙi, idan iska ta rinjaya ya yi fari, kuma farin nan shi ke narkar da fistin. Na ce in huɗun sun fito kala ɗaya, ya turo manyansa. In ba su fito ba, kada ƙafarsa ta sake taka garejina ko ƙofar gidana. Na ɗauka zai yi 'yan kame-kame. Sai ya miƙo burodin nan nasa muka tafa.

Bayan mako biyu ya zo da takarda faffaɗa ya shimfiɗa a kan tebur, ya danne gefunan da noti. Auta ta ɗaga gilashin walda zuwa goshi, ɗankwalinta shuɗi ya leƙo ta ƙasa, ta sunkuya tana kallo. Ni ma na duba. Tulun ya yi, maƙogwaran tsawonsu ɗaya, ba laifi. Amma a tsakiyar tulun an ja wani layi daga farko har ƙarshe. Na ɗora yatsa.

"Mene ne wannan?"

"Katanga ce, Baba."

"Na ga katanga ce. Gida za mu gina?"

Ya gyara tabarau. "Iskar turbo da gudu take shigowa, Baba. Idan aka bar ta sai ta wuce na ɗaya da na biyu ta je ta taru a ƙurya, na huɗu ya sha fiye da rabonsa. Katangar nan tana da siririyar tsaga a tsawonta. Iska za ta fara cika wannan ɓangaren, sannan ta ratsa tsagar a tare, kowa ya samu daidai."

"Wa ya gaya maka?"

"Na gwada a kwamfuta."

"Kwamfutar numfashi take yi?"

Mai Fenti ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Auta ba ta yi ba. Ta ce, "Kaurin farantin nawa kake so?" Suka ci gaba da maganarsu ta milimita kamar ba na wurin.

Ku fahimce ni. Shekara hamsin da ɗaya aikina ke nan, cire wa iska abin tuntuɓe. Tun zamanin tsofaffin motoci masu kafireto, idan aka kawo min injin da ba ya ja, cikin manifol nake shiga in kankare duk wani tudu, in goge shi har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Direbobi sun yi ta sa min albarka a kan haka. Yau wani yaro da bai taɓa ƙonewa a jikin salansa ba zai zo ya ce a gina wa iska shinge a tsakiyar hanya, kuma a garejina.

Auta ta yi kwana huɗu a kai. Ta ɗaure bakin manifol a jikin wani tsohon kan injin don kada zafi ya murɗe shi, ta haɗa maƙogwaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dasa katangar, tana yi tana tsayawa tana auna tsagar. Ranar Laraba saura murfi kawai, ta ɗiga masa walda wuri huɗu don ya tsaya, sai uwarta ta kira ta wai haƙori ya hana ta sakat, ta zo ta kai ta wurin likita. Ta cire safar hannu ta tafi.

Na zauna ni da abin nan. Na sha shayi. Na sake dubansa.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku masu cewa mugunta ce. Ban yi don ya faɗi ba. Na yi ne don ya ci, saboda na tabbata da katangar nan motar shaƙewa za ta yi. Na ce bari in gyara masa shirmensa a ɓoye, fulogi su fito daidai, a yi auren, sannan wata rana ana zaune da mutane in ce masa, yaro, ka san abin da ke cikin motarka kuwa? Har yadda zan faɗa na tsara.

Na fasa ɗigon nan huɗu na ɗage murfi. Na sa injin yanka na cire katangar. Waldar Auta ta ba ni wahala, sai da na yi gumi, na ji daɗin hakan ma. Na bi wurin da dutsen guga, na bi da takarda mai kaushi, na bi da mai laushi, har ya zama kamar ba a taɓa dasa komai ba. Na wanke cikin tas, na mayar da murfi na rufe shi da waldata. Wuyan shiga a lanƙwashe yake, maƙogwaran ma haka, ko da tocila ba mai iya leƙa ciki.

Da ta dawo ta tsaya a kansa.

"Baba, ka rufe?"

"Na rage miki aiki."

Ta bi layin da yatsa. "Ka ɗan yi sauri a nan."

"Lokacin da na fara walda uwarki wasan ƙasa take yi."

Ta toshe bakunan ta hura masa iska, ta shafe shi da ruwan sabulu. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ta ce to.

Ranar Asabar da safe muka fita doguwar hanyar nan da ke bayan rumbunan ajiya, inda ba kowa sai manyan motoci a fake. Injiniya ya zo da riga mai gajeren hannu ruwan toka, wai yau shi ma ɗan gareji ne. Shi ke tuƙi, ni a gefensa, Auta da Mai Fenti suna bin mu a motar ɗaukar kayan gareji. Ya bar injin ya yi zafi, ya dube ni, na ce taka.

Ba zan yi ƙarya ba, motar ta ja. Turbo ya yi fito, kujera ta manne min a baya, hulata ta koma ƙeya. A giya ta uku na fara murmushi, ina cewa a raina ga aikin Takwas nan. A giya ta huɗu, can sama, kunnena ya kama wani abu. Ƙis-ƙis-ƙis, kamar ana zuba tsakuwa ƙanana a gwangwani. Shi bai ji ba, agogonsa ma bai ji ba. Ni na san wannan kukan, kukan fistin ne da wuta ta fara ci.

"Kashe," na ce.

"Saura kaɗan, Baba."

"Na ce kashe."

Ya kashe muka gangara gefe. Auta ta shimfiɗa kwali a kan bonet ɗin motar kaya, ta kwance fulogin da tsumma tana jera su. Na ɗaya baƙi ƙirin. Na biyu ya ɗan yi duhu. Na uku ba laifi. Na huɗu ta ciro shi ta riƙe a hannu, ba ta ajiye ba sai da na ce ajiye. Fari fat kamar alli, da 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli a baki.

A nan tsaye na gane. Duk injin da na taɓa gyarawa a rayuwata da kansa yake zuƙar iska, shi kam sai ka share masa hanya. Wannan ɗura ake yi masa. Iskar ta shigo da gudu ta wuce na ɗaya ta je ta cunkushe a na huɗu, daidai yadda yaron ya faɗa, kalma da kalma. Shekara hamsin da ɗaya, kuma ban taɓa tsayawa na raba mai zuƙa da wanda ake ɗura wa ba.

Mai Fenti ya leƙa ya ce, "To, Injiniya, kwamfuta ta ci amanarka."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Na yi kuwa. Na ce, "Na gaya maka katanga a gida ake gina ta."

E, ni na faɗa. Ku rubuto abin da kuka ga dama.

Injiniya ya daɗe yana kallon fulogin nan. Ya ɗauki na ɗaya, ya ɗauki na huɗu, ya juya su. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, sannan ya cire tabarau ya goge a rigarsa.

"Magana ta ƙare, Baba. Na gode da lokacin da kuka ba ni."

Ya miƙa wa Auta makulli ya ce a mayar da motar a hankali, kada a taka ta. Ya bi gefen titi da ƙafa har inda zai samu tasi. Bai waiwayo ba. Na ce a raina ko ba komai yaron ya iya tafiya.

Lahadi gidana ya zama kamar ɗakin jira na asibiti. Uwar yara ta ajiye min shayi ba sukari, ta koma kicin tana buga tukwane kamar su suka yi mata laifi. Saƙon yayata ya shigo, minti bakwai, ban buɗe ba. Wajen hantsi Auta ta fito cikin doguwar rigarta ta zaman gida mai ɗigo-ɗigo, idanunta sun kumbura, ta ajiye wayarta a hannun kujerata ta koma ta tsaya jikin labule. Na karanta a hankali, da yatsa.

"Na ba Baba hannu a gaban mutane. Ba zan zo ba kuma ba zan kira ba. Zan turo a ɗauki motar. Ba laifinki ba ne, kada ki sa wannan a ranki."

A ƙasa ta rubuta masa sau uku. Na farko, "Ka ɗaga waya." Na biyu, "Mu sake duba lissafin tare." Na uku sunansa kawai. Duk ya gani, bai amsa ba.

Na ce, "Ai ya fi. Namiji ya tsaya kan maganarsa."

Ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki.

Litinin na isa gareji ƙarfe bakwai da rabi na tarar ta riga ni. Bonet ɗin jar motar a buɗe, manifol yana kan tebur. Tana sanye da rigar aiki, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana girgiza abin kusa da kunnenta.

"Me kike nema?"

"Lissafinsa ba ya yin irin wannan kuskuren, Baba. Na bi shi jiya layi-layi. Hannuna ne."

"Wane irin hannunki?"

"Ko katangar ta saki, ko zafi ya murɗe tsagar ban lura ba. Akwai wani wuri kusa da na huɗu da na ji hannuna ya ɗan yi rawa. Na ce ba komai na wuce." Ta ajiye shi. "Ni na kore shi da kaina."

Ku da ba ku da sana'a ba za ku gane ba. Wannan yarinyar tun tana 'yar shekara goma sha huɗu ba ta taɓa yin waldar da ta saki ba. Ni da injin yanka sai da na yi gumi kafin na raba katangar nan da jikin tulun. Ga ta tsaye tana ƙirƙiro wa hannunta rawar da bai yi ba.

"Bar shi," na ce. "Abin da ya wuce ya wuce."

"Riƙe min."

"Za ki lalata aikin kwana huɗu."

"Ya riga ya lalace. Riƙe min, Baba."

Na riƙe. Da yatsun nan takwas na danne shi a kan tebur, ta sauke gilashi ta kunna injin yanka. Tsawon murfin bai fi kamu biyu ba, amma na samu damar magana sau uku. Da ta fara, da ta tsaya ta juya shi, da kuma lokacin da ta tsaya ta share gumi. Duk ukun na buɗe baki na ce mata ta kula da yatsunta.

Ya rabe biyu. Ta ɗaga gilashin.

Cikin yana ta ƙyalli. Babu katanga, babu guntunta, babu ko tabon inda ta zauna. Fuskar Auta ce kawai a ciki, a lanƙwashe. Ta sa yatsa ta shafa wurin daga farko har ƙarshe. A duk layinmu mutum ɗaya ne ke goge cikin manifol haka, kuma ta girma tana kallonsa yana yi.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na san abin yi, sai in daka tsawa.

"Ka goge shi ya yi kyau," ta ce.

Ta cire safar hannu ta ninke su. Ta wanke hannu da sabulu, ta goge. Ta ɗauki makullin motar kaya daga ƙusa.

"In kai ka ne, ko za ka hau tasi?"

Ba ta tambaye ni ko zan je wurin Injiniya ba. Na sa rabi biyun a buhu.

Wurin aikin nasu gilashi ne tun daga ƙasa har sama, ƙofar ma da kanta take buɗewa don kada ma'aikata su gaji. Sanyi kamar cikin firji. Wata yarinya mai farce dogaye ruwan hoda tana zaune bayan tebur, ta dubi rigata mai tabon mai, ta dubi buhun, ta ce masu kawo kaya ta baya suke shiga. Na ce mata ni ta gaba nake shiga ko'ina, ta kira min Injiniya ta ce Takwas ne. Auta ta tsaya can baya jikin wata tukunyar fure ta roba.

Ya fito da katin aiki a wuya. Ya rame a kwana biyu, abin da ban zata mai irin jikinsa zai iya ba. Ya rusuna ya gaishe ni. Abokan aikinsa biyu suka tsaya da kofunan shayi suna kallo. Na ce su kalla, ba a kansu na fara ganin mutane ba.

Na zazzage buhun a kan teburin gilashi.

"Ni na cire," na ce. "Ranar Laraba. Zanenka ba a gwada shi ba, nawa aka gwada, kuma ya faɗi. Ka turo manyanka."

Tun da aka haife ni ban taɓa jera kalmomi masu nauyin waɗannan ba. Na tsaya ina jiran ya zaro ido, ko ya riƙe baki, ko ya ɗan yi fushi in ga ƙarfinsa. Ko kallon cikin bai yi ba.

"Na sani, Baba."

"Ka san me?"

"Kafin in sa katangar na gwada shi babu ita. Na ɗaya baƙi, na huɗu fari, haka ya nuna min. Da na ga fulogin na san ba ta ciki."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "A gaban Mai Fenti? Kafin azahar duk layin ya ji. Sunanka ne, Baba. Ban ga yadda zan shiga gidanka ta kan wannan ba."

Na ji kamar jak ya sake zamewa. Ni Takwas, yaro mai hannun burodi ne ya rufa min asiri kwana biyu ban sani ba, ina zaune ina yaba masa iya tafiya. Ina neman abin da zan ce in ƙwaci kaina, sai na ji takun Auta a bayana.

"Tun ranar Asabar ka sani?"

Ya ɗago. Sai a lokacin ya gan ta.

"Na rubuta miki ba laifinki ba ne."

"Ka rubuta. Kowa haka yake rubutawa." Muryarta ba ta tashi ba. "Kwana biyu ina bin waldar nan a kaina ɗigo-ɗigo ina neman inda na kashe aurena. Kana ganin saƙona kana ajiye waya."

"Ban so in haɗa ki da mahaifinki ba."

"Shi ya cire abin da na dasa da hannuna bai tambaye ni ba. Kai ka ajiye ni don kada ya ji kunya, kai ma ba ka tambaye ni ba. Tun farko ma ku biyu kuka tafa a kaina a ƙofar gareji, ina ciki ina walda."

Na ce, "Auta, ai ga shi an gyara. Na yarda."

"Na ji, Baba. Ka yarda." Ta gyara ɗankwalinta. "Ni ban ce komai ba tukuna."

Ƙofar ta buɗe mata da kanta. Ta cikin gilashi muka ga ta shiga motar kaya, ta yi baya sau ɗaya, ta hau titi. Ba ta taka da ƙarfi ba, a hankali ta tafi, har da kunna sigina.

Masu kofin shayi suka sulale. Yarinyar mai farce ta samu abin dubawa a ƙarƙashin tebur. Aka bar ni da Injiniya da manifol rabi biyu.

"Baba," ya ce, "yanzu me zan yi?"

Na dube shi. Akwai amsoshi da yawa a bakina, ban taɓa rasa amsa ba. Amma shekara arba'in ina zaune da uwar yarinyar nan, kuma duk ranar da ta yi min irin wannan tafiya a hankali ban taɓa sanin abin yi ba.

"Ɗauki rabi ɗaya," na ce. "Kuma cire wannan katin daga wuyanka. Mu je mu nemi tasi."